Sallah Ta Gabato: Wayarka Za Ta Nuna Maka Karenka, Amma Ba Za Ta Ba Shi Ruwa Ba

A Babbar Sallar da ta wuce na yi wani abu da a lokacin na ɗauka dabara ce. Yayana da ke zaune a Kubwa ya matsa lallai sai na je mun ƙarasa hutun tare. Mahaifiyarmu da ƙannena sun riga sun wuce Zariya. Na sayi tikitin jirgin ƙasa ta waya, washegarin Sallah na hau daga tashar Rigasa. Gida ya rage daga Duna, baƙin karenmu na gadi, sai tantabaruna da ke ɗaki a bayan gida.

Kafin na fita na ɗauko wata tsohuwar wayata, na saka mata manhajar da ke mayar da waya kyamarar tsaro, na jingine ta a taga tana kallon inda Duna yake ɗaure. Na jona ta da fawa bank, na cika babbar roba da ruwa, na zuba abincin da na kiyasta zai kai shi kwana biyu. A cikin jirgi ma sai da na nuna wa na kusa da ni hoton, ina jin kaina wani gwani.

Kashegari wajen ƙarfe ɗaya na rana, ina kallo a fuskar wayata, sarƙar Duna ta harɗe robar ruwan ta kifar da ita. Ina gani ruwan ya bi ƙasa ya shanye. Ina nesa da gida da fiye da kilomita 150, makullin ƙofa kuma yana aljihuna. Bayan kamar awa biyu hoton ma ya ɗauke, domin tun dare babu wuta, fawa bank ɗin kuma ya ƙare. Sai da na yi ta kiran mutane kafin na sami wani abokina da ya ari tsani, ya hau katanga, ya zura bokitin ruwa da igiya kamar mai ɗiba a rijiya, tunda Duna bai san shi ba, ba zai yarda ya sauko ba.

Karen bai mutu ba, alhamdulillahi. Amma abin da na koya shi ne maƙasudin wannan rubutu: waya da na'urori suna taimakon mai dabba a lokacin biki, sai dai su ne mataki na ƙarshe. Akwai abubuwan da ke gabansu, kuma wasu daga ciki sun shafi ran mutane, ba na dabbar kaɗai ba.

Yaran yawon Sallah da cutar haukan kare

Duk wanda ya san Rigasa ya san yawan masu ajiye kare ya ƙaru, musamman a sababbin unguwannin da ke gefen gari, inda gidaje ke nesa da juna kuma ake fama da masu haura katanga. Ga kuma matasa 'yan farauta da ke da karnuka biyar ko shida. Yawancin ranakun shekara waɗannan karnukan ba sa ganin baƙo. Ranar Sallah kuwa ƙofa a buɗe take wuni. Yara na shiga gida-gida neman barka da Sallah, 'yan aike na kawo tuwo da nama, dangi na zuwa da 'ya'yansu. Karen da bai saba da hayaniya ba ya rikice, yaron da bai san kare ba ya ruga a guje, kuma gudu shi ne abin da ke sa kare ya bi mutum.

Babban abin tsoro a cizon kare shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duk waɗanda suka kamu, har zuwa kashi 99 cikin ɗari, daga kare suka ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabbar, ta shiga ta rauni, ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkirin ne ke yaudarar mutane: rauni ya warke, an manta, sai daga baya zazzaɓi, ruɗewa da tsoron ruwa su taso. Da zarar alamu sun fito, kusan babu mai tsira.

Abin farin ciki shi ne ana iya toshe hanyar tun daga karen. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafi idan ya kai wata uku, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na haɗa wannan allura, akwai kuma waɗanda ake shigowa da su daga waje. Ana samun ta a asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, kuma ga wanda ke da hanya zuwa Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello na da asibitin koyarwa na dabbobi. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allurar, cutar na daina yawo a tsakaninsu. A kan wannan lissafi ne aka ɗora burin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya nan da shekarar 2030. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a wurare da dama akan yi allurar kyauta ko da rangwame a makon.

Ka lura da lokaci. Allurar farko ba ta fara kariya nan take, jikin kare na buƙatar makonni uku zuwa huɗu. Yin ta a jajibiri ya fi rashin yi, amma ba zai amfani yaran da za su shigo gobe ba. A nan ne waya ta fara amfani: ɗauki hoton katin rigakafin, ka adana shi a Google Drive ko ka tura wa kanka a WhatsApp, sannan ka saka tunatarwa a kalandar waya mai maimaita kanta duk shekara. Ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, abu na farko da za a tambaye ka shi ne wannan kati.

Ranar Sallar kanta, ko an yi allura ko ba a yi ba, kare ya kasance a ɗaki ko keji mai rufi, cikin inuwa, nesa da hanyar da baƙi ke bi. Ɗaure shi a zaure ko bakin ƙofa ba tsaro ba ne, domin yaro na iya shiga iyakar sarƙar bai sani ba.

Idan cizon ya riga ya faru

Wannan sashen ka ɗauki hotonsa ka ajiye. Abu na farko, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15 cikakku. Kunna agogon waya, domin minti 15 ya fi tsawo a kan yadda mutum ke zato. Bayan nan a shafa aidin ko sifirit idan akwai, a wuce asibiti a ranar. A cikin Kaduna akwai manyan asibitoci irin su Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada. Rigakafin bayan cizo ba allura ɗaya ba ce, jeri ne da ake yi a ranaku daban-daban, kuma likita ne zai faɗi ranakun. Saka kowace rana a kalanda tun a gabansa, domin hidimar biki na sa a manta da ta biyu ko ta uku. Yakushin kyanwa da ya fitar da jini, ko lasar kare a kan buɗaɗɗen rauni, su ma abin kai wa likita ne.

Na sha jin masu cewa a ƙona gashin karen a shafa a wurin, ko a tura barkono da gishiri. Babu ɗaya a ciki da ke kashe ƙwayar cutar, ɓata lokaci ne kawai. Shi kuma karen, idan na gida ne, kada a yi gaggawar kashe shi a jefar. A killace shi kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana goman ba, ya fara allurarsa.

Naman Sallah: abin da bai kamata ya shiga kwanon kare ba

Mu kan ɗauka Babbar Sallah ita ce ranar morewar kare da kyanwa. A gaskiya tana cikin ranakun da suka fi yi musu haɗari.

Fara da kayan ciki. Wani lokaci idan an feɗe rago za a ga hanta ko huhu da wasu ƙulluttai masu ruwa a ciki. Mahauci ya yanke wurin ya ce bai ciwuwa, sai wani ya cilla wa kare. Waɗannan ƙulluttai gidan wata tsutsar ciki ce. Idan kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su riƙa fita a kashinsa, su manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaron da ya yi wasa a wurin ya kai hannu baki zai iya ɗauka, kuma a jikin mutum irin wannan ƙullutu ne ke girma a hanta ko huhu shekara da shekaru, wani sai an yi masa tiyata. Duk abin da aka ƙi ci daga kayan ciki a ƙona shi ko a binne shi da zurfi. Wanda za a ba kare kuma a dafa shi sosai. Ka tambayi likitan dabbobi maganin tsutsa bayan Sallah.

Sai ƙashi. Ƙashin da aka dafa ko aka soya yakan tsage kamar tsinke, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Kitse da man suya masu yawa a lokaci guda kan jawo amai, gudawa da wani mummunan ciwon ciki da kan kai kare ga mutuwa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kuma kusan babu miyar Sallah ko soyayyen naman da babu su. Cakulan da yara ke samu a yawon Sallah da busasshen inabi na cikin kek su ma guba ne ga kare. Tsinken tsire da ledar da aka naɗe nama suna ɗauke da ƙamshi, dabba na haɗiye su. Shi kansa ragon da aka ɗaure ana jiran ranar layya, leda na cikin abin da ya fi toshe masa tumbi, saboda haka a share inda yake.

Abu mafi sauƙi: ware tsoka kaɗan, a dafa ba gishiri ba kayan yaji, a haɗa da abincin da ya saba ci. Sannan ka gaya wa baƙi, musamman yara, kada kowa ya jefa masa komai.

Akwai kuma dabbar da ta mutu da kanta. Gab da Babbar Sallar 2023, Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta yi gargaɗi a kan cutar antaraks da ta ɓulla a arewacin Ghana, kuma a watan Yulin shekarar aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja, jihar Neja. Alamarta ita ce dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko baki ko dubura. Irin wannan mushe ba a feɗe shi, ba a ba kare, likitan dabbobi ake kira.

Tsohuwar waya a matsayin kyamara

Duk da abin da ya same ni, ban daina amfani da wannan dabarar ba, gyara ta na yi. Manhajoji irin su AlfredCamera na ba ka damar saka waya ɗaya ta zama kyamara, ɗayar ta zama abin kallo, muddin ka shiga da adireshin imel guda a duka biyun. Ga abin da gwaji ya koya mini.

Wuta ce matsala ta farko. Kyamarar da ke aiki ba tsayawa na cinye batir da sauri, kuma yawancin fawa bank kan kashe kansu idan wayar ta cika, ba sa sake kunnuwa sai an danna. Gwada tsarin naka na awa 24 kana gida kafin ka dogara da shi. Wanda ke da ƙaramar sola ya fi kowa samun sauƙi.

Zafi ne na biyu. Kada ka ajiye wayar inda rana ke dukanta, kuma idan bayanta ya fara kumbura, batirin ya lalace, barin sa a jone a gidan da babu kowa neman gobara ne.

Data ce ta uku. Rage ingancin hoton, ka kunna tsarin da ke turo sanarwa idan an yi motsi, maimakon ka zauna kana kallo kai tsaye. Leƙawa sau uku ko huɗu a rana ta isa.

Na huɗu shi ne sirrin gida. Kyamarar da ke kallon tsakar gida tana ɗaukar iyayenka mata da 'yan'uwanka. Saita ta a kan wurin dabbar kaɗai, ka sanar da mutanen gida. Idan kyamarar kasuwa ka saya mai amfani da sim ko wayifai, canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko, domin irin waɗannan kalmomi suna nan a rubuce a intanet kowa na gani.

Bayan duk wannan, ka tambayi kanka: idan na ga matsala, wa zan kira? Dole a sami mutum guda mai makulli, wanda dabbar ta sani. Fara gabatar da shi mako guda kafin tafiya, ya riƙa zuwa yana ba da abinci da hannunsa kana tsaye. Tura masa saƙo ɗaya mai ɗauke da lokacin abinci, abin da ba a bayarwa, da lambar likitan dabbobi. Ka bar masa kuɗin ko-ta-kwana. Ruwa kuwa a kwano biyu masu nauyi, a wurare biyu, ɗaya ka haƙa rami ka dasa shi. Kare mai nauyin kilo 20 na shan fiye da lita ɗaya a rana, wato ya zarce ledar fiya wata biyu, kuma a zafin Maris da Afrilu, inda Ƙaramar Sallah ke faɗowa a shekarun nan, yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, shi ya sa kejin kwano da ke tsakiyar rana kan iya halaka shi cikin 'yan awoyi.

Na'urar bin sawu: kafin ka kashe kuɗinka

Ana yawan tambayata ko AirTag zai yi aiki a wuyan kare. Wannan 'yar na'ura da kamfanin Apple ya fitar a 2021 ba ta da GPS. Da Bluetooth take aiki, kuma tana dogara ne da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa da ita su kai rahoton inda take. A unguwar da mafi yawan mutane ke riƙe da Tecno, Infinix da itel, karenka zai iya yin nisa ba tare da ya gifta iPhone ko ɗaya ba. SmartTag na Samsung ma haka yake, da wayoyin Galaxy ya dogara. Google ya buɗe irin wannan tsari ga wayoyin Android a 2024, wanda ya fi dacewa da irin unguwanninmu, sai dai shi ma yana buƙatar wayoyin da ke kusa su kasance da Bluetooth da data a kunne. A daji, inda karnukan farauta ke ɓata, babu ɗayansu da zai taimaka. Ga kuma haɗarin kare ya tauna na'urar ya haɗiye ƙaramin batirinta.

Abin wuya mai GPS na gaskiya yana amfani da sim, wanda sai an yi masa rajista da lambar NIN, a saka masa data, a riƙa yi masa caji duk bayan 'yan kwanaki. Ita kuwa 'yar ƙwayar shaida da likitoci ke dasawa a ƙarƙashin fata ba ta nuna inda dabba take. Lamba ce kawai da ake karantawa da na'ura ta musamman idan an tsinci dabbar.

Abin da ya fi arha kuma ya fi aiki a Rigasa shi ne ɗan ƙarfe ko fata a wuya mai ɗauke da lambar wayarka, ba tare da adireshin gida ba, da kuma hotuna uku masu kyau a wayarka: gaba, gefe, da wata alama ta musamman a jikinsa. Idan ya ɓata, zauren WhatsApp na unguwa da 'yan sintiri da masu shagon bakin layi sun fi kowace na'ura saurin kawo labari.

Ƙara da tartsatsin wuta

Kunnen mutum na jin sauti har zuwa kusan hertz 20,000, na kare ya ninka haka fiye da sau biyu. Abin da kake ji a matsayin wasan yara, shi tashin duniya yake ji. A Kaduna muna da lokuta biyu na irin wannan: makon Sallah da ƙarar babura da ganguna, da ƙarshen Disamba, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, inda nokawut ke tashi dare da rana duk da gargaɗin da 'yan sanda kan fitar kusan kowace shekara. Karen da ya firgita kan tsinke sarƙa ya haura katanga, kuma firgitaccen kare ya fi saurin cizo.

Ka ciyar da shi da wuri, ka shigar da shi ɗaki kafin magariba, ka rufe taga, ka bar rediyo a kunne da matsakaicin sauti. Idan ya ɓuya a ƙarƙashin wani abu, ƙyale shi. Duka ko tsawa ƙara masa tsoro suke yi. Kada ka ba shi maganin barci na mutane.

Masu kyanwa da tantabara

Kyanwa ta fi kare iya zama ita kaɗai, amma ba a kulle ba ruwa ba abinci ba. Kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da abin da ya same ta. Haɗarin kyanwa a lokacin biki ya fi zuwa daga sharar Sallah: feshin fiya-fiya a ɗaki, maganin ɓera a bayan buhu, da maganin kaska na karnuka, wanda wasu nau'o'insa ke kashe kyanwa. Kuma ka riƙe wannan: farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibuprofen ma na lalata ciki da ƙodar kare.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwana masu tambayar ChatGPT ko Meta AI komai. Suna da amfani wajen fahimtar bayani ko shirya tambayoyin da za ka yi wa likita. Amma ba su ga dabbarka ba, ba su auna ta ba, kuma sukan ba da amsar kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. Adadin magani aikin likita ne. Ɗauki bidiyon minti ɗaya na yadda dabbar ke numfashi ko tafiya ka tura masa.

Masu tantabara kuwa, lokacin biki ne lokacin saye da musaya. Duk sabon tsuntsu a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da sauran. Mu 'yan ƙaramar hukumar Igabi bai kamata a tuna mana ba: a wata gonar kaji a Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa a lokaci guda, ba a yankawa a ci, ba a kai ragowar kasuwa, a sanar da jami'an dabbobi.

'Yan damfarar kwikwiyo da rago

Da kuɗin Sallah ya shiga hannun matasa, shafukan sayar da kyanwar Farisa da kwikwiyon kare irin na Jamus kan cika Facebook, Instagram da TikTok. Tsarin ɗaya ne: hoto mai kyau, farashi mai rahusa, a ce mutum uku na jira, tura rabin kuɗi. Ka tura, a nemi kuɗin mota, sannan kuɗin keji, daga nan a toshe lambarka. Haka ake yi da hoton rago.

Saka hoton a Google Lens, sau da yawa za ka gan shi a wani shafi na wata ƙasa tun shekarun baya. Nemi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce a rubuta sunanka a takarda a ajiye kusa da dabbar. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Rago dai ga kasuwar Zango a Tudun Wada, ka je ka taɓa da hannunka. Kwikwiyo kuma kada ka karɓi wanda bai kai mako takwas ba, ka nemi katin rigakafi mai sa hannu da hatimin likita. Akwai cutar fabo da ke kama ƙananan karnukan da ba a yi wa allura ba, da amai da gudawar jini, tana kashewa cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma na daɗewa a ƙasar gida.

Abin da za ka saka a kalanda yau

Saura wata guda: duba katin rigakafi, idan shekara ta cika ko ba a taɓa yi ba, je asibitin dabbobi. Saura mako biyu: ajiye lambar likita a waya, ka tambaye shi ko zai ɗauki kira ranar hutu. Saura mako guda: fara sabar da dabbar da wanda zai kula da ita, ka yanka masa makulli, ka gwada kyamara na kwana guda. Jajibiri: gyara keji, dasa kwanon ruwa, kwashe leda da magunguna. Ranar Sallah: kare a rufe kafin a buɗe ƙofa, kayan cikin da aka ƙi a binne.

Ni dai bana ma zan je Kubwa in Allah ya kai mu. Tsohuwar wayar na nan a taga, amma makulli na biyu yana hannun abokin nan nawa mai tsani, wanda yanzu Duna ke kaɗa wa jela tun daga bakin layi. Allah ya sa mu yi Sallah lafiya.